Tsofaffin Motocin Gudu Na Italiya: Daga Ina Baƙin Jinin Ya Samo Asali?



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu sha'awar mota a Turai da Amurka, wai motar gudu ƙirar Italiya kyau gare ta kamar amarya, amma rabin rayuwarta a garejin bakanike take yin sa. Amurkawa har ba'a suka ƙirƙira da haruffa huɗun sunan Fiat, suka mayar da su wata jimlar Turanci mai nufin "sake gyara ta, Tony". Maganar ta yi ƙarfin da ta taimaka wajen raba kamfanoni da kasuwanninsu. Fiat ya tattara ya bar Amurka a 1983, Lancia ya bar Birtaniya a 1994, Alfa Romeo ya bar Amurka a 1995. Amma kuma cikin waɗannan motoci ne aka sami Ferrari 250 GTO ƙirar 1962 wadda aka sayar a gwanjo a Kalifoniya, a watan Agustan 2018, a kan dala miliyan 48.4. Yau za mu bi tarihin ne mu ga inda zargin yake da gaskiya, da inda aka yi masa ƙarin gishiri, da kuma wanda ya biya kuɗin kuskuren.

SUNAN FARKO NA JURIYA NE

Idan muka koma farkon ƙarni na 20, za mu tarar da juriya Italiya ta fara yin suna. Ranar 10 ga Yunin 1907 motoci biyar suka tashi daga birnin Bejin na ƙasar Sin za su Faris, tafiyar kusan kilomita 15,000 ta cikin hamadar Gobi da Siberiya, inda babu kwalta babu gidan mai. Wadda ta fara isa, ranar 10 ga Agusta, Itala ce ƙirar birnin Turin, a hannun Yarima Scipione Borghese. Sai bayan kusan mako uku sauran da suka iya kammala tafiyar suka iso. Motar tana nan har yau a gidan tarihin motoci na Turin. Wani abin lura a tafiyar shi ne, a gefen yariman akwai bakanikensa, Ettore Guizzardi, wanda yake duba motar a kowane zango. Mu riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi a gaba.

Daga 1927 zuwa 1957 an riƙa yin tseren Mille Miglia, daga Brescia zuwa Roma a dawo Brescia, kimanin kilomita 1,600 a kan titunan jama'a. Alfa Romeo ya ci shi sau 11, Ferrari sau 8. A tseren Le Mans na Faransa kuwa, inda mota ke gudu awa 24 ba hutawa, Alfa ya yi nasara shekara huɗu a jere daga 1931 zuwa 1934, Ferrari ya yi shida a jere daga 1960 zuwa 1965. Injin banza ba ya kwana yana gudu a totur ɗin ƙarshe ya wayi gari lafiya. Saboda haka duk abin da ya ɓata sunan motocin nan, dole mu neme shi a wani wurin daban.

MOTAR DA AKA ƊINKA KAMAR RIGA

Wuri na farko shi ne yadda ake ƙera su. Enzo Ferrari, wanda ya fitar da motarsa ta farko mai ɗauke da sunansa, 125 S, a Maranello a 1947, tsere ne a ransa. Motocin titi da yake sayar wa masu kuɗi hanya ce ta samun abin da zai riƙe ƙungiyar tserensa. Kamfaninsa kan haɗa inji da firam, sannan a kai wa masu ƙera bodi, irin su Pininfarina da Bertone da Zagato da Touring da Scaglietti. A can ƙwararrun maƙera ne ke bugun fallen alminiyam da guduma a kan kututture ko a kan samfurin katako har ya ɗauki siffa. Wannan ne ya sa a kan sami mota wadda ƙofarta ta dama da ta hagu sun ɗan saɓa. Idan aka buge ƙofar, babu shagon da za a je a sayo wata a ɗaura, sai an nemo maƙerin da zai buga sabuwa daidai da ramin.

Kamfanin Touring na Milan ya yi rajistar wata dabara a 1936 mai suna Superleggera, wato mai matuƙar rashin nauyi: a haɗa ƙwarangwal da siraran bututun ƙarfe, a lulluɓe shi da alminiyam. Mota ta yi sauƙi, ta yi gudu. Sai dai idan alminiyam ya jingina da ƙarfe kuma danshi ya shiga tsakani, wani ɗan lantarki kan riƙa gudana a tsakaninsu, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa yana zama farin gari. Ƙyallen da aka sa domin ya raba su shi ma kan sha ruwa ya riƙe. Masu ƙerawa ba su yi tunanin motar za ta kai shekara sittin ba. Tseren bana da na baɗi suke lissafi.

Ƙanƙantar kamfanonin ma ta taka rawa. Ferruccio Lamborghini mai ƙera taraktoci ne, kuma kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, kulocin Ferrarinsa ne ya riƙa ba shi matsala, ya kai ƙorafi wurin Enzo aka ƙi sauraronsa, sai ya kafa nasa kamfanin a Sant'Agata Bolognese a 1963. Bayan shekara uku ya fito da Miura, motar da ta girgiza duniya. Injiniyoyinta Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani, da direban gwaji Bob Wallace, da mai zanen bodi Marcello Gandini, duk ba wanda ya haura shekara 30 a lokacin. Sun kwantar da inji mai silinda 12 a gicciye a bayan direba, inji da giya suna shan baƙin mai ɗaya, ta yadda ɓarɓashin ƙarfen giya kan iya zagayawa cikin inji. Sai a rukunin ƙarshe na samfurin SV aka raba musu mai. Tankin fetur yana gaba, don haka idan mai ya yi ƙasa sai gaban motar ya yi sakayau a babban gudu. Kafireton Weber guda huɗu da ke kanta kuma kan tara fetur idan ta daɗe tana aiki a tsaye, kuma an yi asarar Miura da dama ta hanyar gobara. Ba a ƙera 800 daga cikinta ba. Babban kamfani kan lalata motocin gwaji masu yawa kafin ya sayar da ko ɗaya. Ƙaramin kamfani ba shi da wannan halin, sai ya zamana masu sayen farko su ne 'yan gwajin, da kuɗinsu.

TSATSA DA SIYASA

Babban abin da ya ɓata suna, wanda ya shafi mai ƙaramin ƙarfi da ya tara kuɗi ya sayi mota, tsatsa ce, kuma labarinta ba ya rabuwa da siyasar Italiya ta shekarun 1970.

Tun 1933 Alfa Romeo yake hannun gwamnati, ƙarƙashin hukumar IRI. Arewacin Italiya ke da masana'antu, kudanci kuwa talauci ya sa matasansa suna ta kwarara Turin da Milan neman aiki. Sai gwamnati ta yanke shawarar kai musu aikin gida. A 1968 aka aza harsashin sabuwar masana'anta a Pomigliano d'Arco, kusa da Napoli, aka ɗora injiniya Rudolf Hruska a kan aikin, Giorgetto Giugiaro ya zana bodin. Motar da ta fito, Alfasud, an nuna ta a Turin a 1971, ta shiga kasuwa a 1972. Masu sharhin motoci na lokacin sun yaba mata sosai, musamman yadda take riƙe titi a kwana.

Amma an ɗebi dubban ma'aikata a gaggauce, da yawansu manoma ne da magina waɗanda ba su taɓa aikin masana'anta ba, a daidai lokacin da ƙasar ke cikin rikicin ƙwadago da ya faro da manyan yajin aikin kakar 1969. Idan yajin aiki ya tsayar da layin ƙira, bodin da ba a kai ga fenti ba kan zauna yana shan iska mai ɗanshi, ga teku ba nisa. Da aka ga tsatsa ta fara, sai aka cusa wani irin soso na roba a cikin kogunan bodin da niyyar toshe ruwa. Soson ya sha ruwan ya riƙe, motar ta riƙa ruɓewa daga ciki zuwa waje, mai ita bai sani ba sai fenti ya fara kumbura. An ƙera Alfasud kusan 900,000, amma kaɗan ne ƙwarai suka rage a yau.

Akwai wani labari mai daɗin faɗi da ake maimaitawa, wai ƙarfen Rasha ne ya jawo. Tushensa shi ne yarjejeniyar da Fiat ya ƙulla da Tarayyar Sobiyet a 1966 ta gina masana'antar Togliatti, wadda ta fara fitar da Lada, kwafin Fiat 124, a 1970. Sai aka ce an biya Fiat da ƙarfe marar kyau. Mu lura da abu ɗaya: Alfa Romeo bai shiga hannun Fiat ba sai 1986, lokacin da Alfasud ta riga ta gama ruɓewa. Yadda aka ajiye bodin, da yadda aka yi masa fenti, da lungunan da ke tara ruwa ba su da mafita, sun isa su bayyana abin da ya faru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Lancia ya fi kowa shan wuya. Kamfani ne da Vincenzo Lancia ya kafa a 1906, wanda ya yi fice da inganci: Lambda ta 1922 tana cikin motocin farko da aka haɗe bodi da firam wuri ɗaya, Aurelia ta 1950 ita ce motar kasuwa ta farko mai injin V6. Ingancin ya yi tsada, bashi ya yi yawa, Fiat ya karɓe shi a 1969. Motar farko bayan haka ita ce Beta, a 1972, kuma ta karɓu sosai a Birtaniya. Can kuwa gishiri ake watsawa a tituna lokacin hunturu domin ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin ya riƙa taruwa a inda ƙaramin firam ɗin da ke ɗauke da inji ya haɗu da ƙasan bodi, wurin ya ci. Lancia ya fara saye motocin da abin ya shafa daga hannun masu su yana murƙushewa, abin da ba kowane kamfani zai yi ba. A watan Afrilun 1980 jaridar Daily Mirror ta fasa labarin, gidajen talabijin suka ɗauka, aka yi ta yaɗa cewa injinan Lancia na faɗowa a kan titi, wanda ƙari ne a kan abin da ya auku. Kamfanin ya ba da garantin shekara shida a kan tsatsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ciniki ya yi ta raguwa har suka bar ƙasar.

Adalci shi ne mu faɗi cewa motocin Ingila da Faransa da Japan na wancan zamani su ma sun yi tsatsa. Bambancin shi ne wasu sun riga Italiya ɗaukar mataki. Porsche ya fara lulluɓe ƙarfen bodin 911 da sinadarin zinki tun tsakiyar shekarun 1970. Italiyawa sai da Alfa 164 ta 1987 da Fiat Tipo ta 1988 suka rungumi wannan dabara sosai. Shekara goma na jinkiri sun jawo musu baƙin jinin da ya fi shekara talatin.

Tsatsar ce kuma ta haifi rabin ƙorafin da ake yi a kan wayarin. A mota, bodi shi ne hanyar da lantarki ke bi ya koma batir. Idan wurin da aka ɗaure wayar da bodi ya yi tsatsa, sai fitila ta yi dishi-dishi, a kunna sigina fitilar birki ta riƙa ƙiftawa. Ƙari a kan haka, a samfura da yawa wutar manyan fitilu kai tsaye take bi ta makunnin da ke jikin sitiyari, har ya yi zafi ya ƙone. Sunan Magneti Marelli ya sha zagi a kan laifin da sau da yawa goge mahaɗa da sandfefa ke magance shi.

HARAJI, TURBO DA GAGGAWA

Tashin farashin mai na 1973 ya kusa kashe kasuwar motocin gudu. Maserati, wanda Citroën na Faransa ya saya a 1968, ya durƙushe a 1975, Alejandro de Tomaso ya karɓe shi da tallafin gwamnati. Lamborghini ya karye a 1978. Gwamnatin Italiya kuma ta ɗora harajin da ya kai kashi 38 cikin 100 a kan motar feturin da injinta ya haura lita 2. Wannan ne ya sa aka sami Ferrari 208 da Maserati Merak 2000 da Lamborghini Urraco P200, manyan sunaye da ƙananan injina, domin kasuwar cikin gida. Ƙaramin inji kuwa, idan ana son ya ba da ƙarfin babba, sai an matsa masa, ko da yawan juyi ko da turbo.

A Disambar 1981 De Tomaso ya fito da Maserati Biturbo, mai injin V6 lita 2 da turbo biyu, a farashin da bai kai na tsofaffin Maserati ba. Kamfanin da ya saba sayar da ɗaruruwa a shekara ya koma sayar da dubbai, kafin a gama gyara ƙirar. Kafireton yana cikin wani rufaffen akwati da turbo ke hura wa iska, yana shan zafi, idan inji ya ɗauki zafi tayar da shi sai an sha fama. Turbo ɗin farko baƙin mai kaɗai ke sanyaya su. Wanda ya dawo daga gudu ya kashe inji nan take, man da ke cikin turbo kan dahu ya daskare, ba da jimawa ba turbo ya tafi. Wajen 1986 zuwa 1987 an koma injekta, an gyara abubuwa da yawa, motocin baya sun fi na farko nesa ba kusa ba. Duk da haka a 2007 mujallar Time ta saka Biturbo cikin jerin motoci 50 mafiya muni a tarihi.

Lancia ma ya yi irin wannan gaggawa. A Gamma ta 1976, famfon da ke sassauta sitiyari yana samun juyi ne daga kamshaf ɗin ɓangare ɗaya na inji, don haka wanda ya tayar da ita da sanyin safiya sitiyari yana murɗe har ƙarshe, nauyin kan iya sa bel ɗin taimin ya tsallake haƙora inji ya lalace. Montecarlo kuwa an dakatar da ƙera ta a 1978 saboda birkin gaba na kamewa a jiƙaƙƙen titi, sai 1980 ta dawo bayan an gyara.

BEL ƊIN TAIMIN

Duk wanda ya taɓa jin kukan masu tsohuwar Ferrari, zai ji an ambaci bel. Kamshaf shi ne sandan da ke buɗe bawul yana rufe su daidai da hawa da saukar fistin. A da sarƙa ce ke juya shi. Injin Alfa mai kamshaf biyu da Giuseppe Busso ya tsara, wanda ya fara aiki a Giulietta a 1954 ya kuma ci gaba har 1994, sarƙa gare shi, kuma shekara 40 ɗin da ya yi a kasuwa shaida ce a kan ƙarkonsa. A 1966 Aurelio Lampredi, tsohon injiniyan Ferrari, ya yi wa Fiat 124 Sport inji mai amfani da bel na roba mai haƙora. Bel ya fi sarƙa shiru da sauƙi da araha, amma roba tana tsufa ko ana hawa motar ko ba a hawa. Ranar da ya tsinke, fistin kan daki bawul, aikin da zai ci ɗan kuɗi kaɗan ya koma sauke inji.

A Ferrari 308 ta 1975 ana iya canza bel inji yana wurinsa. Amma a Testarossa ta 1984, da 348 ta 1989, da F355 ta 1994, bel ɗin yana manne da bangon da ke bayan kujeru, ba hannun da zai shiga. Sai an sauke injin gaba ɗaya da firam ɗinsa na baya, duk bayan shekara uku zuwa biyar, aikin da kan ci dubban daloli. Mai kuɗin da ya sayi motar sabuwa bai damu ba. Matsalar kan faɗo ne a kan mai ita na uku ko na huɗu, wanda ya same ta da araha, ya iya saye amma bai iya riƙewa ba. Sai ya ɗaga sabis, ya sake ɗagawa, ranar da inji ya buga a ce Ferrari ba ta da ƙarko. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Wanda ya farkar da su daga Japan ya zo. A 1990 Honda ya fito da NSX, mai bodin alminiyam, wadda Ayrton Senna ya taimaka wajen gwajinta. Tana gogayya da Ferrari 348 a gudu, amma tana tashi kowace safiya, na'urar sanyaya ɗakinta tana aiki, kulocinta ba ya gajiyar da ƙafa. Uzurin cewa dole motar gudu ta zama mai wahala ya faɗi. Luca di Montezemolo ya karɓi shugabancin Ferrari a ƙarshen 1991, kuma bai ɓoye rashin gamsuwarsa da 348 ba. A 360 Modena ta 1999 aka yi wata ƙofa a bayan kujeru ta inda ake kaiwa ga bel, a F430 ta 2004 aka koma sarƙa. Audi ya sayi Lamborghini a 1998 ya shigo da tsarin gwajin Jamusawa. Daga 2011 Ferrari ya fara bai wa sababbin motocinsa sabis kyauta na shekara bakwai.

ABIN DA KENYA DA KADUNA SUKA NUNA

A daidai shekarun da 'yan Birtaniya ke gudun Lancia, Lancia Delta ta ci kambun duniya na tseren daji shekara shida a jere, daga 1987 zuwa 1992. Ta ci tseren Safari na Kenya, sama da kilomita 4,000 na taɓo da ƙura da duwatsu, a 1988 da 1989 a hannun Miki Biasion, da 1991 a hannun Juha Kankkunen. Injinta jikan wancan injin Lampredi ne da Amurkawa ke yi wa ba'a. Abin da ya bambanta shi ne, a bayanta akwai rundunar kanikawa da motocin kayan gyara har da jirgi mai saukar ungulu, ana canza abu kafin ya lalace. Guizzardin 1907 ne ya dawo da yawa.

Mu ma nan muna da misali a gida. Peugeot 504 ta 1968, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, Pininfarina ne ya zana bodinta, gidan da ya zana yawancin Ferrari. Tana da ƙwari, amma abin da ya sa ta daɗe a hanyoyinmu har da cewa kowane gari akwai bakaniken da ya san ta ciki da waje, kayan gyaranta kuma suna kowace kasuwa. Fiat 124 a Italiya haka take, kowane ƙauye an san ta. Da aka kai ta Amurka, sai ta faɗa hannun kanikawan da suka saba da manyan injinan V8 masu haƙuri da sakaci, da masu motar da ba su san bel yana da wa'adi ba. Ƙarkon mota ya dogara da wanda ya ƙera ta, da wanda ke gyara ta, da wanda ke hawanta.

YADDA MASU SU KE RIƘE SU A YAU

Tambarin Ferrari doki ne da ya yi tsaye da ƙafafun baya, kuma masu kiwon doki a ƙasar Hausa za su fi kowa gane ƙa'idar: ingarman da aka bari a barga ba kilisa, lalacewa yake yi. Motar da aka ajiye shekara ba a hawa, robobinta kan bushe su fara yoyo, fetur ya yi danƙo a kafireto, birki ya kame. Motar da ke shan 'yar gajeriyar tafiya cikin gari kullum kuma fulogoginta kan yi baƙi, sai an fita da ita babban titi an buɗe mata wuta ta washe.

Sauran ƙa'idojin ba su da yawa. A bar baƙin mai ya yi ɗumi kafin a taka totur, domin injin alminiyam da sassan ƙarfen da ke cikinsa ba sa buɗewa da zafi a lokaci ɗaya, kuma gaggawa da safe ita ke ƙone gasket. Kada a zuba ruwa zalla a lagireto, sai da sinadarin da ke hana shi cin alminiyam. A canza bel da taya da tiyon fetur bisa shekarunsu ko da ido na ganin lafiyarsu ƙalau, tun da feturin zamani da ake gauraya wa sinadarin etanol yana cin tsohuwar roba, kuma tsagaggen tiyo a kan inji mai zafi shi ne mafarin yawancin gobara. A juye man birki duk shekara biyu saboda yana tsotsar danshi. Mai saye kuma, kafin ya kalli ƙyallin fenti, ya leƙa ƙasan bodi, ya nemi fayil ɗin rasiɗan gyara. A wannan kasuwa motar da ta yi tafiya mai yawa da cikakkun takardu ta fi wadda ta kwanta shekara goma a rufe. Araha ba ta ado.

Kamfanonin da kansu sun gane akwai kuɗi a tsofaffin motocinsu. Ferrari ya buɗe sashen Classiche a 2006, Lamborghini ya buɗe Polo Storico a 2015, suna sake ƙera sassan da suka ɓace daga tsofaffin zane-zanensu. Tun 1977 kuma aka farfaɗo da Mille Miglia a matsayin jerin gwanon tsofaffin motoci, inda a yanzu ɗaruruwansu, ƙirar 1927 zuwa 1957, ke zuwa Roma su dawo Brescia duk shekara. Wasunsu sun haura shekara 90.

Zargin dai yana da tushe. An yi gaggawa, an yi sakaci da tsatsa, an sayar wa mutane motocin da ba a gama gwadawa ba, kuma mai albashin da ya sayi Alfasud ko Beta shi ya fi kowa asara. Amma mafi yawan laifin na kimanin shekara goma sha biyar ne, daga farkon shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980, sai aka shafa wa ƙarni guda baƙin fenti da shi. Waɗanda suka tsira daga tsatsa suka kuma faɗa hannun masu kula, har yau suna kan titi.

Filin sharhi a buɗe yake. Waɗanda suka taɓa riƙe Vespa ko suka yi aiki da manyan motocin Fiat da aka harhaɗa a Kano, muna son jin yadda kuka same su. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.